Me ya sa jirgin ƙasa ke zirga-zirga ba fasinja bayan an ƙaddamar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, harkata kuma tana kai ni Oyingbo kusan kullum. A 2024 Shugaba Tinubu ya zo ya ƙaddamar da jirgin Red Line na cikin garin Legas, muka ce mun huta da motocin haya na danfo. Sai muka riƙa ganin jirgin yana wucewa yana dawowa babu kowa a ciki, ba a fara ɗaukar mu ba sai bayan wata bakwai. Har yau muna musu a majalisa. Wasu na cewa kawunan jirgin ne ba su da lafiya, wasu na cewa siyasa ce kawai. Mene ne ake gwadawa haka da ba ya ƙarewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lissafinka daidai ne. Ranar 29 ga Fabrairu 2024 aka yi bikin, ranar 15 ga Oktoba aka fara ɗaukar fasinja mai biyan kuɗi. Blue Line, wanda ke tsakanin Marina da Mile 2, shi ma haka ya yi: Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Janairun 2023, fasinja ba su hau ba sai 4 ga Satumba. Ranar biki 'yan siyasa ke tsayar da ita. Ranar ɗaukar mutane kuwa sai waɗanda za a tuhuma idan an yi hatsari sun sa hannu, su kuma ba sa gaggawar sa hannun.

Masana'anta tana gwada kan jirgi, wato injin da ke jan taragu, kafin ta sallame shi, amma abin da take iya tabbatarwa shi ne kan yana aiki shi kaɗai. Ba ta da layinku, ba ta da tashoshinku, ba ta san direbobinku ba. Kuma kafin ya iso, kan nan ya sha makonni a cikin jirgin ruwa da iskar gishiri, an ɗaga shi an sauke. Shi ya sa gwajin farko a tsaye ake yin sa a cikin depo: a duba wayoyi, a tayar da inji, a cika tankunan iska a kashe a ga ko suna yoyo, a auna nauyin da kowace ƙafa ke ɗauka. Wannan ba ya cin lokaci sosai.

Inda ake daɗewa shi ne birki. Kan jirgi na dizal ba kamar tirela yake ba. Injinsa janareta yake juyawa, wutar kuma ta tafi ga injinan lantarki da ke maƙale da ƙafafu. Ƙafar ƙarfe ce a kan dogo na ƙarfe, inda suke haɗuwa kuma bai fi faɗin kwabo ba. Ta wannan ɗan wurin ake jan ɗaruruwan tan, ta nan kuma ake tsayar da su. Jirgin da ke gudun kilomita 80 a awa, ko direba ya danna birkin gaggawa, sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, kuma nisan ba ɗaya ba ne da rani da damina. Idan yayyafi ya jiƙa dogo, ko mai ya zuba a kansa, ƙafa sai ta daina kamawa ta riƙa sulɓi. Don haka akwai akwatin yashi a jikin kan, yana fesa busasshen yashi a gaban ƙafa. Idan kuwa ƙafar ta kulle ta ja a kan dogo, sai gefe ɗaya ya cinye ya yi lebur. Ka taɓa jin tarago yana wucewa da ƙarar ƙwas-ƙwas-ƙwas a jere? Lebur ɗin nan ne kake ji, kuma sai an kai ƙafar injin gyara an feƙe ta.

Birkin kansa da iska yake aiki. Bututu ɗaya ne ke bi daga kai har taragon ƙarshe, cike da matsattsiyar iska. Muddin iskar na ciki, birki a sake yake. Da ta ragu sai ya kama. Dabarar George Westinghouse ce tun shekarun 1870, kuma hikimarta ita ce idan tarago ya tsinke, bututun ya yanke, duka ɓangarorin biyu za su tsaya da kansu. Ana gwada wannan da jirgi wayam, sannan a loda masa buhunan yashi ko tankunan ruwa daidai nauyin mutane a cunkoson safiya, a sake gwadawa a gudu daban-daban, a busasshen dogo da jiƙaƙƙe. Wani jirgin da kuka gani kamar babu kowa, mai yiwuwa buhuna ne a zaune a ciki, injiniyoyi kuma na tsaye a kan kwamfuta.

Jirgin cikin gari ya fi na doguwar tafiya wahalar da kai, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna kilomita 186 ne, kan yana samun wurin miƙe ƙafa. Red Line kuwa kilomita 27 ne da tashoshi takwas: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Kafin ya gama ɗaukar gudu ya fara taka birki, haka zai wuni. Inji na zafi, birki na cinyewa, ƙofofi na buɗewa da rufewa ba iyaka. Kuma ba shi da lokacin juyawa a ƙarshen layi, dole a iya tuƙa shi daga kowane gefe, direba ya sauka daga wannan kai ya taka zuwa wancan.

Ga wani abu da ya kamata 'yan majalisarku su sani. Jiragen da aka fara aiki da su a layin sababbi ne ga Legas, amma ba sababbi ba ne a duniya. Nau'in InterCity 125 ne da aka kawo daga Ingila, irin da suka fara aiki can tun 1976, masu kai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. An ƙera su ne don gudun kilomita 200 a awa tsakanin manyan garuruwa, a ƙasar sanyi. Wannan ba aibi ba ne, jirage ne masu suna wajen ƙarko. Sai dai wanda ya kawo su zafin Legas ya ce su riƙa tsayawa bayan kowane kilomita uku ko huɗu, dole ya zauna ya ga yadda lagireto da na'urar sanyaya taragu za su ɗauki abin. Takardar da Bature ya rubuta musu ba za ta amsa wannan ba.

Sai batun dacewa da layin. Faɗin dogo ɗaya ne, milimita 1,435, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jikin tarago zai wuce dakalin tasha bai goga ba? Ratar da ke tsakanin ƙofa da dakali, ƙafar yaro ba za ta faɗa ba? Kada ka ɗauka wasa ne. A 2014 Faransa, da duk gwanintarta, ta gano sababbin jiragenta na yankuna sun yi wa tsofaffin tashoshi faɗi, sai da aka sassaƙe dakali kusan 1,300. A Boston ta Amurka kuma, an sayi kawuna 40 sababbi fil don jiragen masu zuwa aiki, aka gano matsala a boris ɗin injinan da ke juya ƙafa, aka ajiye mafi yawansu sai da aka gyara.

Red Line yana da ƙarin nauyi, domin dogo ɗaya yake bi da jirgin Legas zuwa Ibadan na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, NRC, alhali hukumar LAMATA ta jihar Legas ce ke da jirgin cikin garin. Hukumomi biyu a kan layi ɗaya, dole sigina da jadawali da rediyon direbobi su zama bakinsu ɗaya. Ga kuma mahaɗar mota da jirgi. Kai da ke Agege ba sai an ba ka labarin masu kasa kaya a kan dogo ba, kuma ba ka manta da watan Maris na 2023 ba, lokacin da jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan jiha a wajen PWD ta Ikeja aka rasa rayuka. Gadojin sama da aka gina a Ikeja, Yaba, Oyingbo da Mushin don raba mota da jirgi ne.

Matakin ƙarshe shi ne wanda ya fi ba mutane haushi. Ana tafiyar da jirgin bisa jadawali kamar gaske, ya tsaya a kowace tasha, ya buɗe ƙofa ya rufe, ba mai shiga ba mai fita. A nan direbobi ke haddace layin, su san inda gangara take da inda za su fara rage gudu. A nan ake ƙirƙiro matsala da gangan, a ce inji ya mutu tsakanin Oshodi da Mushin, a ga minti nawa za a ɗauka kafin a janye shi. A yarjejeniyoyi da yawa ana gindaya sharaɗin sai jirgi ya ci wani adadin kilomita ba tare da babbar matsala ba, idan ta auku a koma lissafi daga farko. Daga nan sai a gayyaci rukunin mutane su hau kyauta, kamar yadda aka yi a layinku daga ƙarshen Agusta 2024.

To, masu cewa siyasa ce ba su faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. A ganina kuskure ne a tara jama'a a yi biki kafin a gama wannan aikin, domin talaka da ya ga shugaban ƙasa a cikin jirgi yana da hujja idan ya zo tasha washegari da katinsa na Cowry na biyan kuɗin hawa. Kuma ba kowane jinkiri ne gwaji ba, wani lokacin tasha ce ba a gama ba, ko takardu ne ke yawo tsakanin ofisoshi. Idan an sake kawo sababbin kawuna, Alhaji, ka lura da su. In kana ganin su suna kai-kawo, lokacin wucewarsu na ƙara daidaita mako bayan mako, aiki ake yi. In kuwa suna ajiye a depo wata da watanni ƙura na hawa kansu, ku tambayi hukuma abin da ya tsayar da su.