Maganin natsuwa ya kwantar da karena: zan iya maka likita a kotu?

Tambaya: Barista, karena yakan yi ta haushi da ɓarna idan aka bar shi shi kaɗai, sai likitan dabbobi ya rubuta masa maganin natsuwa mai suna fluoxetine. Ba a jima ba ya kama karkarwa da zazzaɓi har aka kwantar da shi. An ce abin wuyansa na kashe kaska ne bai jitu da maganin ba. Ina da hakki?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Rubuta maganin shi kaɗai ba laifi ba ne, don tun 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga karnuka masu wannan matsala, da sunan Reconcile. Amma takardar maganin ta hana haɗa shi da amitraz, sinadarin da ke cikin wasu abubuwan wuya na kaska, sai an kwana aƙalla 14 da daina amfani da amitraz ɗin. Haɗuwarsu kan sa serotonin, wani sinadari da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ya yi wa jiki yawa, ya jawo irin alamun da kika gani.

Shari'arki kuwa ta rataya ne a kan abin da aka faɗa a ɗakin duba. Idan likita bai tambayi sauran magungunan da karen ke amfani da su ba, ko ya ga abin wuyan ya yi shiru, wannan sakaci ne, tunda ƙwararre zai tambaya. Idan kuwa ya tambaya kika manta, ko kika sanya masa abin wuyan bayan an fara magani alhali an gargaɗe ki, ƙararki ta yi rauni sosai. Shi ya sa nake so ki nemi kwafin fayil ɗin karen a rubuce tun yau, kafin a ji ƙanshin rigima. Ki adana kwalin magani, abin wuyan da rasidai, ki kuma sami rahoton likitan da ya ceto shi, domin galibi kotu ba ta gane sakacin likita sai da shaidar wani likitan.

Kada ki sa rai da diyya mai tsoka. A mafi yawan ƙasashe doka dukiya ta ɗauki dabba, abin da ake biya kuɗin jinya ne, ba tashin hankalinki ba. Da ni ce, wasiƙar neman biyan kuɗin jinya zan fara aikawa, in kai ƙorafi hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi. Kotu ta zo daga ƙarshe, amma ki tambayi wa'adin shigar da ƙara a inda kike, don yana ƙarewa.