Kifin katantanwa a akwatin gilashi: amsoshi ga masu kiwo a Kumasi

Tambayoyi sun taru daga masu kiwon kifi na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo kan ƙananan kifayen nan da ke zama cikin ɓawon katantanwa. Yawancin masu tambayar sun ƙware a kiwon karfasa da tarwaɗa, kuma a nan matsalar take farawa. Kifin dangin karfasa ne, amma asalinsa Tafkin Tanganyika, wanda ke tsakanin Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya. Ruwan can yana da ma'adinai da yawa, shi ya sa ɓawon katantanwar Neothauma ba ya narkewa, sai ya taru a ƙasan tafkin, kifin ya mai da shi ɗaki. Abin da karfasa ke jurewa a kududdufi, shi ke kashe wannan.

"Na sayi guda shida, na zuba su a ruwan famfo da ya kwana. Cikin sati biyu huɗu sun mutu. Ina kuskuren?"

Malam, Allah ya mayar da alheri. Barin ruwa ya kwana kulorin kawai yake korewa, sauran aiki biyu na nan.

Na farko, sabon akwati ba shi da bakteriyar da ke cinye amoniyar da kifi ke fitarwa. Sai matatar ruwa (filta) ta yi sati 4 zuwa 6 tana aiki, kana ɗan jefa ƙwayar abinci tana ruɓewa, kafin bakteriyar ta kafu. In kana da abokin da akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, roƙi tsohon soson matatarsa ka sa a naka, zai rage maka jira sosai. Kada ka sa kifi sai abin gwaji ya nuna amoniya da naitirait, dafi na biyu da bakteriyar ke juya amoniya zuwa gare shi, duk sifili. Wannan ya fi muhimmanci a nan, domin amoniya ta fi dafi a ruwan da pH ɗinsa (ma'aunin tsamin ruwa, in lambar ta hau tsamin ya ragu) ke sama, irin wanda kifin ke so.

Na biyu, ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, ruwan kogi ne, bai kai na Tanganyika ma'adinai ba. Kifin yana son pH tsakanin 7.8 da 9. Gwada naka tukuna. In ya gaza, hanya mafi sauƙi ita ce ɓawon kawa da ake niƙa wa kaji masu ƙwai, wanda ake samu wajen masu sayar da abincin kaji. Wanke cikin hannu biyu har ruwan ya daina fari, ka gauraya da yashin ƙasan akwatin. A hankali yake narkewa, ba ya firgita kifi. In bai isa ba, narka ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda da wani ɗaya na gishirin Epsom (magnesium sulfate, ba gishirin miya ba) a kowace lita 50 ta sabon ruwa, a bokiti, kafin ka zuba. Bekin soda, ba bekin foda ta kek ba. Kanwa kuma a bar ta a miya: ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, tana iya harba pH sama lokaci guda.

Canjin ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a sati ya isa. Zubar da rabin ruwa kamar yadda ake yi wa tarwaɗa a tankin siminti yana girgiza su, ka ga sun yi baƙi sun shige ɓawo sun ƙi fitowa.

"Zan iya amfani da ɓawon dodon koɗin da ake sayarwa a Kejetia?"

Za ka iya, in ka zaɓi ƙanana. Manyan da ake miya da su sun yi girma. Macen tana son ƙofar da ta yi daidai da jikinta, wadda za ta iya tsarewa, don haka nemi ɓawon da faɗin bakinsa yake kusan santimita 2.5 zuwa 3. Tsoron da ke tattare da ɓawon kasuwa shi ne guntun naman da ke maƙalewa can cikin murɗin. Ba ka ganinsa, amma zai ruɓe ya cika akwatin da amoniya. Tafasa su minti 15, ka girgiza cikin ruwa, ka jiƙa su kwana biyu, ka sansana. Wanda ke da ɗan wari a sake tafasawa ko a yar. Sabulu ko omo kada su taɓa su. Idan za ka sa su a akwati, juya kowanne a cikin ruwa har iskar da ke ciki ta fita, in ba haka ba zai taso sama.

Yawansu: aƙalla biyu zuwa uku ga kowane kifi, in sun fi haka ma ya fi. Yawancin faɗan da ake gani rigimar ɗaki ce. A ƙasa a shimfiɗa yashi mai laushi, kaurin santimita 3 zuwa 5, wanda aka wanke sosai. Tsakuwa ba ta yi, domin kifin da baki yake haƙa, yana kwashe yashi yana tofarwa har ya tsara unguwarsa yadda yake so. Ka ƙyale shi, kada ka riƙa baje masa.

"Wane iri ne ya dace da mai farawa, kuma guda nawa?"

Neolamprologus multifasciatus. Namiji bai wuce santimita 5 ba, mace kusan 3, kuma suna zama gida-gida, manyan 'ya'ya ba sa cinye ƙannensu. Akwati mai tsawon santimita 60, wato kusan lita 55, zai ɗauki shida. Faɗin ƙasa ya fi tsayi amfani, tunda ba sa nisa da ɓawo. Lamprologus ocellatus ya fi kyan launi amma mafaɗaci ne, namiji ɗaya da mata biyu, a raba ɓawonsu nesa da juna da dutse a tsakani. Neolamprologus brevis kuwa miji da mata kan shiga ɓawo ɗaya. Iri ɗaya a akwati ɗaya.

Wani ya tambaya ko zai haɗa su da 'ya'yan karfasa da ya samo daga Tafkin Bosomtwe. A'a. Cikin 'yan watanni za su girma su cinye su.

"Dumso (ɗaukewar wuta) da zafi fa? Sai na sayi hita?"

Hajiya, suna son digiri 24 zuwa 27. A ɗakin Kumasi zafi ya fi sanyi zama barazana, musamman watan Fabrairu da Maris. Ma'aunin zafi ya fi hita gaggawa. In ruwan ya doshi 29, buɗe murfin kaɗan, ki juya fanka ta riƙa busa samansa, kuma akwatin ya nisanci taga. Ruwan da ya ƙafe ki cike shi da ruwan da ya kwana zalla, ba soda, domin ma'adinan ba sa tashi tare da tururi. Hita tana amfani ne a daren hunturu in ma'aunin ya sauka ƙasa da 23.

In wuta ta ɗauke, iska ce abin nema. Ƙaramin famfon iska mai batir shi ne kayan da bai kamata a rasa ba. In babu, ɗebi ruwan akwatin da kofi ki zubo shi daga sama, sau da yawa kowane rabin awa. Kada ki ba su abinci sai wuta ta dawo.

"Na ga 'ya'ya a bakin ɓawo, washegari sun ragu."

Duba matatarka. Mai zuƙar ruwa da ƙarfi tana shanye su. Matatar soso da famfon iska ke turawa ita ce ta dace, kuma a ruwan akwatin da ka ɗiba ake matse soson, ba a famfo ba. Macen tana zuba ƙwai can cikin ɓawo, 'ya'yan kaɗan ne, da wuya su kai ashirin, don haka kowanne abin tattali ne. Ba su jariran artemiya, wasu ƙananan jatan landen ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa daga busassun ƙwai: narka gram 25 na gishiri marar aidin a lita ɗaya, zuba rabin ƙaramin cokali na ƙwan, sa iska, cikin awa 24 zuwa 36 sun ƙyanƙyashe. Tace, ɗauraye, ka zuba kusa da ɓawon. Manyan kuma ƙananan ƙwayoyin abinci masu nutsewa, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, sau biyu a rana. Abincin tarwaɗa ya yi musu girma da maiƙo, ragowarsa na faɗawa cikin ɓawo ya ruɓe.

In za ka sayar ko ka ba wani, kada ka girgiza ɓawo don kifin ya fito, yana ƙara shigewa ne har ya maƙale ya mutu a ciki. Ɗora ɓawon a kan kifaffen kofi cikin wani kwano mai ruwan akwatin, ka bar wurin. Zai fito da kansa ya sauka ƙasa. Ko kuma ka ba da shi tare da ɓawonsa, cikin leda mai ruwa.