Ina yi wa kamfanin waje aiki daga gida, ko zan samu bizar ƙwararrun ma'aikata ta Birtaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Sana'ata haɗa manhajar kwamfuta, kuma na daɗe ina yi wa wani kamfanin Amurka aiki ta intanet daga gida. Albashina ya haura abin da na ji Birtaniya na nema. Ina so in koma can da iyalina, in ci gaba da wannan aikin. Kamfanin ya ce zai rubuta min duk wasiƙar da nake so. Akwai kuma wani da ya ce in na biya shi zai samo min takardar ɗaukar nauyi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A halin da kake ciki yanzu, wannan aikin naka ba zai ba ka wannan biza ba, komai kaurin albashin.

Dalili shi ne, tun da aka fito da bizar a watan Disamban 2020, an ɗaure ta ne a jikin mai ba da aiki. Dole kamfanin ya kasance yana gudanar da harka a cikin Birtaniya, yana da lasisin ɗaukar nauyin baƙi daga Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya, sannan ya fitar maka da takardar ɗaukar nauyi. Takardar kuwa lamba ce da kamfanin ke fitarwa ta na'urar ma'aikatar, ɗauke da sunanka, irin aikin, albashin da wurin da za ka riƙa yin sa. In ka zo cike fom, akwai gurbin da za ka saka wannan lamba, kuma babu wasiƙar yabo da za ta maye gurbinta. Kamfanin da ba shi da ofis ko harka a ƙasar ba zai samu lasisin ba, balle ya ba ka lamba.

Maganar albashi tana zuwa ne bayan wannan. A Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, a Yulin 2025 aka sake kai shi fam 41,700, aka kuma ce yawancin ayyukan su zama na matakin digiri. In kuɗin da aka ƙayyade wa sana'arka ya fi haka, shi za a bi. Sai jarrabawar Turanci, da kuɗin asibiti fam 1,035 a shekara kan kowane baligi, wanda ake biya dunƙule tun wurin nema. Amma albashin da ake dubawa shi ne wanda kamfani mai lasisi zai biya ka, ba wanda ke shigo maka daga Amurka ba.

Abin da za ka fara tambayar kamfaninku shi ne ko suna da reshe a Birtaniya. In suna da shi, kuma reshen na da lasisi ko zai nema, ƙofa a buɗe take. Reshen zai iya ɗaukarka a matsayin ma'aikacinsa ta wannan biza, wadda ke iya kai mutum ga zaman dindindin bayan shekara 5, duk da cewa gwamnati ta bayyana a Mayun 2025 tana son mayar da wa'adin shekara 10. Ko kuma su yi maka canjin wurin aiki ta tsarin da aka fito da shi a Afrilun 2022 don manyan ma'aikata da gwanaye, wanda yawanci sai ka yi wata 12 da kamfanin. Ka sani wannan na biyun ba ya kai wa ga zaman dindindin, kuma mai iyali bai kamata ya raina wannan bambanci ba. In kuwa kamfanin na shirin buɗe reshe da gaske, akwai bizar mai zuwa kafa reshe, iyakarta shekara 2.

Ko da reshen, tsugune ba ta ƙare ba. In aikin duka daga ɗaki za a yi shi, ba zuwa ofis, ba ganin abokan ciniki, jami'in da ke duba takardunka yana da damar tambaya: me ya sa sai ka zo Birtaniya kafin ka yi aikin da kake yi lafiya lau daga inda kake? Raba mako tsakanin gida da ofis ba ya tayar da ƙura. Aikin gida zalla kuwa sai kamfanin ya shirya amsa mai gamsarwa.

Mutumin nan da ya ce ka biya shi, ina roƙonka ka rabu da shi. Doka ta ce gurbin aikin ya zama na gaskiya. In aka ƙirƙiro maka aiki a takarda alhali kana ci gaba da yi wa kamfanin Amurka, yaudara ce, kuma hukuncinta na iya kai wa hana ka shiga ƙasar har shekara 10. Tun ƙarshen 2024 ma an hana kamfanoni ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar ɗaukar nauyi, don haka duk wanda ya ce ka saya, daga nan ka san akwai lauje cikin naɗi. Ranar da aka ƙwace lasisin irin wannan kamfani, bizarka ake gutsurewa zuwa kwana 60, ko ma a soke ta nan take in an gano da hannunka a yaudarar, kai da matarka da yaran da ka riga ka sa a makaranta. Haka nan kamfanonin da ke saka mutum a jerin albashinsu a madadin wani: ƙa'idar ɗaukar nauyi ta hana a ɗauko baƙo don a miƙa shi ga wani kamfani ya riƙa yi masa aikin yau da kullum.

Za ka ji ana cewa yanzu mai bizar ziyara na iya aiki ta intanet. Gaskiya ne, tun 31 ga Janairun 2024, amma da sharaɗin kada aikin ya zama shi ne maƙasudin zuwan. Duba saƙonni da shiga taro yayin da ka je ganin dangi ya halatta. Kama haya ka tare na wata 6, ka fita ka dawo, wannan zama ne da sunan ziyara, kuma a filin jirgi ake juya mutum saboda shi.

Hanyar da na ga ta fi dacewa da kai, in kana da abin nunawa a sana'arka, ita ce bizar Global Talent, wadda ake ba waɗanda suka yi fice a fagensu. Ba ta buƙatar mai ɗaukar nauyi, kana iya yi wa wanda ka so aiki har da kamfanin waje. A fannin fasahar zamani wata cibiya mai suna Tech Nation ce ke tantance masu nema, kuma suna son hujja: manhajar da ka gina, tasirinta, wasiƙun manyan masana da suka san aikinka. In kuma maiɗakinka ce ta samu aiki mai ɗaukar nauyi, kai a matsayin miji yawanci kana da izinin aiki, sai dai batun haraji zai taso, domin wanda ya yi kwana 183 a shekarar haraji ya zama mai biyan haraji a can. In ba lallai sai Birtaniya ba, Fotugal da Sifaniya suna da biza ta musamman ga masu aiki ta intanet, abin da Birtaniya ba ta da shi.

Ma'aikatar Cikin Gida na wallafa jerin kamfanoni masu lasisi, kowa na iya dubawa kyauta. Ka nemi sunan kamfaninku a ciki, ka karɓi amsarsu a rubuce kan batun reshe, sannan ka kai takardar kwantiraginka wa lauyan shige da fice mai rajista a Birtaniya kafin ka biya kowa ko sisi.