Tambaya da Amsa: Me ake zuwa yi a Kaulaha?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah mahaifiyata ce ke shirin zuwa ziyara Kaulaha bana, to naji ance garin a bakin kogi yake, wai ruwan kogin ne mutane ke ɗebowa na tabarruki ko ya abin yake? Nagode.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kai Mama lafiya. Eh gaskiya ne, Kaulaha na bakin kogin Salum ne a Senegal, wajen kilomita 190 daga Dakar, amma fa ruwan kogin nan gishiri ne zalla don teku ke shigowa cikinsa, ba ya shawuwa sam, har a gefen garin akwai filayen da ake tare ruwan a bar rana ta busar da shi sai a kwashe gishiri tuli-tuli fari fat. A da ta wannan kogin jiragen ruwa ke zuwa lodin gyaɗa. To kinga kar a sa baiwar Allah ɗaukar jarka a banza.

Abin da ke jan jama'a shine unguwar Madina Baye wadda Shehu Ibrahim Inyass ya kafa a 1930, bayan bayyanar Faila a 1929, wato kwararar ilimin sanin Allah da 'yan ɗariƙar Tijjaniyya ke cewa ta zo ta hannunsa. An haife shi a 1900 a ƙauyen Taiba, ya rasu a Landan a 1975 aka dawo da shi aka binne shi nan jikin babban masallacin Madina, nan ne masu ziyara ke tsayawa su yi sallama su yi addu'a, kuma a masallacin ake wazifa kullum, ran Juma'a bayan la'asar kuwa zikiri ne, in kika ji hailala ta tashi daga bakin dubban mutane lokaci guda wallahi sai tsigar jikinki ta tashi.

Ni dai shawarata kar ta tsaya Madina kaɗai, ta ƙarasa unguwar Lewna inda zawiyar mahaifinsa Alhaji Abdullahi Inyass take, wanda ya rasu a 1922, don daga gidan nan karatun ya faro kuma da yawa sai su dawo ba su leƙa ba.

In lokacin Maulidi zata je, daren 12 ga Rabi'ul Awwal, to ta shirya wa cunkoso da zafi don Kaulaha akwai rana, a haɗa ta da wani mai ƙarfi da zai riƙe mata hannu, ta riƙe lema, ta kuma canji kuɗinta zuwa sefa tun kafin ta isa.