Hukuncin bayanan da aka tattara a gaban baƙo

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina aikin tattara bayanai a ƙauyuka wa wata ƙungiyar raya karkara. Na lura duk ranar da Bature ya biyo mu, mutane sukan canja: wani ya ɓoye awakinsa ya ce ko kaza ba shi da ita, wani kuma ya yi ta wanke hannu da sabulu don an zuba masa ido. Shin suna da laifi? Ni kuma ya halatta in miƙa waɗannan bayanai, ko in koma lura da su a ɓoye?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Abin da ka gani sananne ne ga masu bincike tun gwaje-gwajen masana'antar Hawthorne da ke kusa da Cikago a Amurka, tsakanin 1924 da 1932, waɗanda da sunansu ake kiran wannan sauyin hali da mutane ke yi idan sun san ana lura da su (tasirin Hawthorne). Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan ƙauyuka 60 na Saliyo ya nuna cewa zaman Bature kawai a wurin wani gwajin rabon kuɗi ya ƙara kyautar da mahalarta gwajin ke bai wa wasu da kashi 19 cikin ɗari.

Mutanen da ka ambata ba hukuncinsu ɗaya ba. Wanda kunya ta sa ya kimtsa ba shi da laifi, domin kunya ba ta zuwa sai da alheri, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Amma wanda ya ɓoye dukiyarsa da gangan don a sa shi cikin masu karɓar tallafi, ya yi ƙarya kuma ya tare wa mabuƙaci rabonsa, alhali Muslim ya ruwaito cewa mai roƙon dukiyar mutane don ya ƙara tasa garwashin wuta yake roƙo. Sai dai ban cika ɗora masa dukkan laifin ba, idan ku ne kuka bar shi yana zaton akwai rabo a bayan tambayoyin. Wajibinku ne ku faɗa masa tun farko cewa amsarsa ba za ta kawo masa komai ba, idan haka abin yake.

Game da kai kuwa, ya halatta ka miƙa bayanan da sharaɗin ka rubuta a rahotonka waɗanne ranaku baƙon ya halarta da abin da ka lura ya sauya. Ɓoye wannan algus ne, irin na mai hatsin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, har Annabi (SAW) ya ce masa wanda ya yi algus ba ya tare da shi, domin da waɗannan alƙaluma za a yanke inda za a haƙa rijiya ko a gina asibiti.

Leƙen mutane a gidajensu ba da saninsu ba haramun ne, saboda faɗin Allah a Suratul Hujurat, aya ta 12, cewa kada ku yi binciken asirin juna. Abin da ya halatta shi ne ka nemi izininsu a kan ziyarar da ba a sa mata rana ba, ko ka shawarci shugabanninka baƙon ya daina zama wurin hira. Rashin bayyana musu takamaiman abin da ake aunawa babu laifi, matuƙar ba a yi musu ƙarya ba kuma ba za su cutu ba.

Allah ne mafi sani.