Amsa ga ɗalibi: neman kalma a cikin rubutun shiri daga cikin GDB

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa GDB, manhajar gano kurakurai a cikin shirin kwamfuta, yake ce maka "Expression not found" idan ka ba shi umarnin search, alhali kana da yaƙinin cewa kalmar da kake nema tana cikin fayil ɗin. Kalmar tana nan kamar yadda ka ce. Abin da ya rage maka shi ne sanin inda GDB yake fara duba wa.

Umarnin search, wanda shi ne dai forward-search, ba ya farawa daga saman fayil. Yana farawa ne daga layin da ke bin na ƙarshe da aka nuna maka a allo, ya gangara har ƙasa, kuma idan ya kai ƙarshen fayil ba ya zagayowa ya koma sama. Saboda haka, idan shirinka ya tsaya a layi na 200, sannan ka rubuta list, umarnin da ke nuna layukan fayil, sau biyu, kowanne ya nuna maka layi 10, to ka riga ka wuce duk abin da ke sama, kuma kalmar da ke layi na 150 ba za ta taɓa bayyana ba. Mafita biyu ce. Ko dai ka yi amfani da reverse-search domin ya haura sama, ko kuma ka rubuta list 1,1, wanda ke nuna layi na farko kaɗai, kafin ka fara nema. Ka kula da wannan waƙafi da kyau, domin list 1 shi kaɗai zai nuna layuka goma na farko, neman kuma ya tashi daga na 11.

Abu na biyu shi ne, abin da ka rubuta ba a ɗaukarsa harafi da harafi, ana ɗaukarsa ne a matsayin tsarin daidaita rubutu, inda wasu alamomi suke da ma'ana ta musamman. Aya tana wakiltar kowane harafi, tauraro yana nufin maimaituwa, baka mai kusurwa kuma tana buɗe jerin haruffa. Idan alamar ce kanta kake nema, sai ka sa mata karkatacciyar sanda ta baya a gabanta. Haka nan, idan saƙon kuskure kake bi, kada ka kwafo shi gaba ɗaya, domin sau da yawa shirin ne yake cusa suna ko lamba a tsakiyarsa ta hanyar %s ko %d. Ɓangaren da ba ya canzawa shi kaɗai za ka nema.

Sai dai a ganina, ɗalibai suna ɗora wa wannan umarni nauyin da ya fi ƙarfinsa. Fayil guda yake dubawa, wanda kake ciki a lokacin. Idan ba ka san fayil ɗin da abin yake ba, buɗe wata taga ka yi amfani da grep -rn, wanda zai bi dukkan fayilolin da ke cikin folda ya ba ka suna da lambar layi, sannan ka dawo ka kafa wurin tsayawa da break. Idan kuwa sunan fankishin kake nema, info functions ya fi dacewa, tunda shi yana duba bayanan da aka saka lokacin harhaɗa shirin (wato mayar da rubutunsa abin da kwamfuta ke gudanarwa) da zaɓin -g. Kada kuma ka rikita search da find, domin find cikin memori yake nema, ba ya duba rubutu.

Kafin ka amince da duk layin da aka nuna maka, tabbatar cewa ba ka gyara fayil ɗin ba bayan harhaɗawa. Idan GDB ya gargaɗe ka cewa fayil ɗin ya fi shirin sabunta, mai yiwuwa lambobin layukan sun riga sun goce, sai ka sake harhaɗawa sannan ka ci gaba da nema.