Dillali ya ce wuta na kusa da filin, in biya kuɗin jawo ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu fili a wani sabon yanka a bayan garin Kano, awon igiya ne, kuma da araha. Dillali ya nuna min falwayoyi a bakin titi, ya ce jawowa kawai za a yi. Daga titin zuwa filin zai kai mita 400. Mai yankan kuma ya ce kowa sai ya biya "kuɗin wuta" kafin a ba shi takarda. In biya ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ba da ko sisi tukuna. Koma wurin da rana, kai da ma'aikacin wuta da ka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, ku ɗaga kai ku dubi wayoyin nan. Idan guda uku ne a can sama, to babban layi ne mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33, kuma irin wannan ba ya shiga gida sai ta taransifoma. Wadda ake ja zuwa gidaje ita ce ƙarama mai bolt 415, wadda galibi za ka gan ta guda huɗu jere da juna. Mutane da yawa sun sayi fili saboda ganin babban layi, suka gama gini, suka tare, shekaru na tafiya suna kunna janareta a gindin falwaya.

Ko da ƙaramar ce a titin, mita 400 ba nan kusa ba ce. Kusan kowace mita 50 sai an kafa turke, ka ga turaku takwas ke nan, ban da waya da kuɗin aiki. Kuma wuta tana raunana in ta yi nisa da taransifoma: ƙwai zai kama, amma firji da injin jan ruwa su ƙi tashi. Saboda haka abin da za ka auna shi ne nisanka da taransifoma, sannan ka tambayi maƙwabta gidaje nawa ke kanta.

A ƙa'ida, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi aikin kamfanin rarraba wuta ne, wato KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa. Amma a sababbin unguwanni mun san yadda abin yake, jama'a kan gaji da jira su yi karo-karo. Ban hana ka shiga ba. Sai dai ka sani akwai dokar da NERC ta fitar a 2015 wadda ta ba jama'a damar zuba kuɗinsu a irin wannan aiki bisa yarjejeniya da kamfanin, har a tsara yadda za a mayar musu. Yarjejeniyar kuwa kafin a sayi kaya ake yin ta. In kun riga kun kafa taransifoma sannan kuka je neman haƙƙi, da wuya ku samu abin kamawa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kuɗin da mai yankan yake karɓa. Ka tambaye shi: nawa ne aikin gaba ɗaya, filaye nawa za su raba, kuma ina takardar da ya rubuta wa kamfanin wuta? A wane asusu kuɗin zai zauna? In aljihunsa ne, ni dai ba zan biya ba. In da gaske yake, a buɗe asusun kwamitin masu filaye, mai unguwa ya shaida, a rubuta ranar fara aiki da abin da za a yi in ba a fara ba. Ka tuna kuma a sabon yanka waɗanda suka fara gini su ne ke ɗaukar nauyin, don wanda ya saya ya ajiye ba ya gaggawar wuta.

Kuɗin mitar wuta daban ne, ka je ofishin kamfanin da kanka ka ji farashi, kada ka yarda a jona maka ba mita. Ka kuma tambayi rukunin da layin yake: rukunin A awa 20 aka yi wa alkawari a rana, rukunin E awa 4. In na ƙarshen ne, ka lissafa da sola tun yanzu. Haɗa duk wannan ka ɗora a kan kuɗin filin, sannan ka kwatanta da na unguwar da wuta ta riga ta shiga.

Tambaya: An yi min tayin fili mai arha ƙwarai, amma manyan wayoyin nan masu hasumiyar ƙarfe sun bi ta gefensa. Ya kuka gani?

Amsa: Hajiya, ki bar shi. Layi mai kilobolt 330 ana barin mita 25 ta kowane gefe ba gini, mai 132 kuma mita 15. Ginin da ya shiga ciki ana iya rushe shi, ga haɗari ga yara. Wutar da ke samansa kuma ba ta gida ba ce, wucewa take yi zuwa tasha.